Inuwar da Bene Ya Cinye

Zuwa ga Isa Mai Agogo,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ni ma da na aiko, ban iya karanta ta ba. Ni ke faɗa, 'yata Safiya ke rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana.

Unguwarmu Nima na nan yadda ka bar ta, kwata na cika, motocin haya na torotoro na ihu. Teburinka na bakin masallaci yanzu wani ya ɗauka yana sai da waya. Matarka Mma Hawa ta koma tuyar ƙosai bayan takaba. Benen nan da ake ginawa yamma da mu kuwa an gama shi, ya cinye ranar da ke sauka a bangonmu.

Ka tuna musunmu? Kai ka ce lokaci na cikin agogo, ni na ce agogon Bature ba zai gaya mini sa'ar da zan kira bayin Allah ba. Ladanin da ya gabace ni da inuwa ya koya mini. In ta taɓa tsagar bango, azahar ce, in ta kai gindin randa, la'asar. Kakan ce zamani ya wuce ni, in ce zamani riga ne, tawa ba ta yage ba. Har ranar da aka zo aka ce mini lokaci ya yi maka, ba mu gama ba.

To ga abin da ban faɗa maka ba. Idona ya daɗe da daina ganin bakin inuwa. Nakan tsaya gaban bango ne don mutane su gani, amma kunnena na wajenka. In na ji ka buga murfin akwatin gilashinka, ka ja kujera, sai in hau in kira salla. Ina tsammanin wayo nake maka.

Da ka tafi, na shiga uku. Sallar unguwa guda a wuyana, ba inuwa, ba kai. Masallatan Mamobi, maƙwabciyar unguwarmu, kowa da nasa lokacin, wani ya riga wani, wa zan bi? Wata rana na kira la'asar da wuri har liman ya leƙo, wata rana na makara har 'yan kasuwa suka yi tasu a shago. Samari suka fara cewa a sa wani mai waya. In tambayi mutum ƙarfe nawa, ni? Bayan duk abin da na faɗa a bainar jama'a? Abinci ya daina shiga.

Ran nan ina tsaye gaban bango kamar gunki, sai na ji ana dukan kasko da matsami daga tsallaken hanya, irin dukan da ba na tuya ba ne. Na kasa kunne. Aka sake. Na hau na kira azahar, liman bai leƙo ba. Da la'asar ma haka.

Bayan salla na je na tsuguna wajen Mma Hawa. Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce agogonka na hannunta, kuma tun kana kwance ka bar mata wasiyya cewa in ta fita takaba ta riƙa buga wa makahon nan mai taurin kai, amma kada ta gaya masa. Ta ce ita ba ta da lokacin ɓoye-ɓoye irin namu, in ɗauki ƙosai in ba ta wuri.

Ashe ka sani, Isa? Ashe da gangan kake buga murfin nan da ƙarfi? Duk shekarun nan kana barina ina cika maka baki gaban mutane, kana dariya kawai?

Na yi dariya har hawaye, a gaban masu sayen ƙosai. Yanzu ina cin tuwo, ina barci. Na gaya wa liman gaskiya, na ce a fara neman wanda zai gaje ni, amma sai muryata ta mutu tukuna.

Kada ka ɗauka ka ci musu. Har yanzu ban ɗaura agogo ba, kasko nake bi.

Allah ya haskaka kabarinka. In nawa wa'adin ya matso, ka buga mini murfi.

Naka, abokin musu,
Mumuni Ladan