Ba Ɗanɗano Nake So Ba, Wilfred

Zuwa ga Wilfred, ranar da ke leƙowa bayan an kwana ana ruwa, ɗumin butar shayina, fitilar bakin gaɓa mai kiran jiragen kamun kifi gida, kai da tarinka ma ya fi min kukan tsuntsayen teku daɗi,

Ina gaishe ka. Idan ka ga layi ya karkace, kada ka zargi malamar ajinmu na koyon karatu da yamma, ta ce rubutuna ya zauna. Zuciya ce ke girgiza teburin.

Ƙanwarka Beryl ta tare ni wurin mai kifi, ta ce wai za ka sayar da shagon faya-fayanka ka koma birnin Leeds saboda na ƙi ka. Na ƙi ka? Ni? Yaushe, Wilfred? Ka nemi aurena a cikin akurkin sauraron waƙa na shagonka, gwiwata tana gugar taka, na ce na bar dankali a wuta, na fita da gudu. Akwai dankalin kuwa, ya ma ƙone ƙurmus. Amma ba shi ya kore ni ba.

Ka tuna ranar da na fara shigowa shagonka da lema a ɗage? Ɗana Clive ne ya sayo faifan nan mai arha a wurinka, faifan ɗanɗano, wanda kowace ƙungiyar mawaƙa ke da waƙa ɗaya a ciki. Daga nan gashinsa ya sauko kafaɗa, ya daina sa singileti. Ya ce, "Inna, ba za ki gane ba, kiɗan nan buɗe ƙwaƙwalwa yake yi." Na ce wa ya aike ka ka buɗe ta a wannan sanyin? Na ɗauki kwalin na karanta sunayen ƙungiyoyin: Katantanwar Laraba, Safar Kawu, Kujeru Masu Zazzaɓi. Wallahi na zaci karatun da na sha wuya na koya da furfura ne ya lalace! Na zo in fasa maka kai. Ka dube ni, ka dubi lemar, ka ce, "Uwar Clive, kafin ki kashe ni, saurari waƙa ta huɗu."

Wayyo ta huɗu! Wata yarinya mai murya kamar raɓa, da goge a bayanta, tana jiran jirgin da bai dawo ba. Ban yi wa mijina Stanley irin wannan kukan ba tun da teku ya riƙe shi. Na jiƙa maka hannun riga, kai kuwa ka mayar da allurar garmaho farkon waƙar.

Tun daga nan kowace Asabar tawa taka ce. Kai ka nuna min masu jitar da ke kuka kamar kyanwa a ƙarƙashin ƙofa, da masu gemun da ke rera waƙoƙin kakata da lantarki. Ni da na zo ceton yaro, sai ga ni ina rigima da shi a kan wa zai fara amfani da garmaho!

To ga abin da ya kore ni, ya furen farkon bazarata. Waƙar Katantanwar Laraba ta shiga raina, sai na sayi cikakken faifansu. Wilfred! Fuskar farko ta faifan gaba ɗaya waƙa ɗaya ce: wani yana busa sarewa kamar buta ta tafasa, ganguna suna tafiya da baya, can tsakiya kuma akuya ta yi kuka. Akuya! Kai da bakinka ka ce min haka kamfanoni ke yi, su zaɓo mai daɗin su sa a na ɗanɗano, sauran sai ka kai gida ka gani. Da ka yi maganar aure, sai akuyar nan ta faɗo min a rai. Wilfred ɗin Asabar kaɗai na sani, mai tajajjen gashi, mai ƙamshin sabulu. Me ke sauran faifan? Ni ma fa Enid ɗin Asabar ka sani, mai hula. Ba ka san wadda ke komawa gida daga bakin titi don ta sake taɓa makunnin gas ba. Ba ka san wadda ke bin ƙaton ɗanta saurayi har tashar bas da mayafin wuya ba, tana kiran sunansa a gaban 'yan mata.

Amma ka ji ikon Allah. Tun da na gudu, baƙin ciki ya hana ni taɓa na ɗanɗanon, sai wancan faifan na akuya nake sawa, don in hukunta kaina. Safe da yamma. Jiya ina goge tagogi na kama kaina ina jiranta. Da ta yi kukan, sai na ji gidan ya cika. Har mai sarewar na fara yafe wa!

Don haka kada ka sayar da shagon, ya inuwata, ya bargona. Me ke Leeds ban da hayaƙi? Ka zo ranar Lahadi, zan gasa nama, zan tsaya a kan dankalin da kaina. Ka zo da kanka gaba ɗaya: minsharin da Beryl ta ce yana tayar da karen maƙwabta, gwiwar da ke ƙara, haƙoran da ke kwana a kofi. Duk ina so, fuska biyu, har da akuyar.

Kada ka ji tsoron Clive. Na gaya masa, ya ce, "Inna, ki aure shi mana, ko na riƙa samun ragin kuɗin faifai." Amma ka yi min alheri ɗaya: zai tafi bikin kiɗa, wai a fili za su kwana. Ka sa baki ya tafi da bargo, kai yana jin maganarka.

Amsata eh ce, Wilfred. Na rubuta ta da hannuna, ba wanda ya riƙe min alƙalami.

Taka har allura ta kai tsakiya, a juya a sake,
Enid