Ƙarfen Kamilu da Tukunyar Hasana

Bromakoté, Adjamé, Abidjan
Maris 1997

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Alhaji da yara da duk mutanen Fagge. Mu nan lafiya lau. Matata Hasana da 'yarki Firdausi suna gaishe ki.

Yaya, in kin gan ni yanzu ba za ki gane ƙaninki ba. Rigar da kika aiko mini ta sallah, ranar da na sa ta ta yage a hammata. Kullum in na tashi daga aiki a sito, sai in wuce sal ɗinmu, wato ɗakin ɗaga ƙarfe da ke bayan Gare de Bassam a Treichville. A watan Agusta za a yi gasar masu gina jiki ta unguwanni, na ba da sunana. Abokina Harouna ya haɗa ni da wani mai rumfa a kasuwar Adjamé, yana sayar da garin ƙarfi da wasu ƙwayoyi shuɗaye. Kwalbar ba rubutu, amma wallahi suna aiki. Safe garba, wato atiyeke, dambun rogo ke nan, da soyayyen kifi, rana garba, dare nama. Ƙeyata na ɗan sara mini, zafin gari ne.

Ki taya ni addu'a. Naki,
Kamilu

Adjamé, Mayu 1997

Yaya,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki da girmamawa. Ki yi haƙuri da Hausata, faransanci na yi a lakwal, wato makarantar boko. Baban Firdausi ya ce kada in faɗa miki, ni kuwa na kasa.

Ya faɗi a sal. Yana kwance yana tura ƙarfe sama, ido ya yi masa duhu. Allah ya sa Harouna na tsaye a kansa ya cafe ƙarfen, da a wuyansa zai sauka. Jini ya yi ta zuba ta hanci. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti kusa da babban masallacin Treichville. Abin awon jini ma ya ƙi zagaye damtsensa, sai da aka nemo babba. Tansiyo ɗinsa, hawan jini ke nan, sha tara kan sha ɗaya a lissafinmu na nan, wato ɗari da casa'in kan ɗari da goma.

Likitar mace ce. Ta sa na kawo garin da ƙwayoyin, ta duba ta ce, "Waɗannan da gishirin da kake ci su za su kwantar da kai." Ya yi dariya ya ce, "Dokta, bari a gama gasa, sai in daina." Ta ce, "In ka kai gasar ke nan."

Ya karɓi magani, amma kwalbar shuɗayen tana aljihunsa. Ni ba ya jin tawa. Ke ce ba ya iya yi wa musu.

Ki gaida Alhaji. Ƙanwarki,
Hasana

Fagge, Kano, Yuni 1997

Kamilu,

Amin wa alaikumus salam. Gaisuwa kaɗan zan yi, don raina a ɓace yake.

Kai yaro ne lokacin da Baba ya faɗi a ƙofar gidanmu na Bromakoté, ni ce na sani. Shi ma ƙeya ya ce tana sara masa. Mutumin da ke ɗaukar buhun goro da hannu ɗaya, ya koma sai na ɗaga shi na ba shi koko a cokali, rabin jikinsa a mace, yana kallona yana hawaye don bakin ya kasa faɗin sunana. Shekara huɗu muna haka. Abin da kake tanadar wa Firdausi ke nan?

Ka zubar da ƙwayoyin nan. Ka ajiye ƙarfe, ajiyewa ta har abada. Kuma kada ka kuskura ka yi wa Hasana faɗa, ta fi ka hankali.

Na ba Nomau direban motar goro busasshen zoɓo da zogale da gero. Allah ya shirye ka, ya ba ka lafiya.

Yayarka,
Balaraba

Adjamé, Nuwamba 1997

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa kan jinkirin amsa. Saƙo ya iso, Allah ya saka.

Da na karanta maganar Baba, daga kan gada na wurga kwalbar cikin ruwa. Gasa ta wuce ba ni. Ina zaune a gida na ji labarin Harouna ya zo na uku.

Amma umarninki na biyu, Yaya, ki gafarce ni, ban bi ba. Na tambayi likita ko in bar ƙarfe. Ta ce a'a, in rage nauyi, in daina riƙe numfashi in ina ɗagawa, in ƙara da tafiyar ƙasa, kuma in sha maganina kullum ba fashi. Cikin kayan ƙarin kuzari, man kifi na farmasi kawai ta yarda da shi, sai madarar gari marar kitse a kunun gero.

Wahalar tana kicin. Hasana ta ɓoye gishiri da dunƙule da kanwa. Kilishi da kofi sun zama tarihi. Tuwon farko da ta yi, na ce mata, "Wannan miya ce ko ruwan wanke tukunya?" Ta ce, "Ci, takaba ba ta da daɗi ita ma." Yanzu ta gano hanya: tafarnuwa, citta, lemun tsami, albasa mai yawa. Wake da zogale, gasasshen kifi, ayaba, zoɓo ba sukari. In na wuce mai garba sai in tsallaka titi.

Na rame. A sal suna kirana Malam Zoɓo. Harouna ya ce in koma wasan langa. Amma jiya an auna ni, sha huɗu kan tara, kuma ƙeyata ta yi shiru.

Ki gaida Alhaji da yara. Ƙaninki mai taurin kai,
Kamilu

Adjamé, Agusta 1998

Yaya,

Assalamu alaikum! Gaisuwa ta biyo baya, labari ya fi ƙarfina.

An yi gasar bana a Treichville, kuma na je. Da na ga ƙattai sun fito da ɗan kamfai, jiki ya sha mai, na rufe fuska da mayafi, ina leƙe ta gefe.

Bana masu shirya gasa sun kawo nas, sun ce ba mai hawa dandamali sai an auna shi, don jikin wani ɗan Koumassi ya shanye a watan azumi. Aka yi layi. Manya-manya aka yi ta mayarwa baya, har da Harouna, nasa sha takwas. Ya zauna a benci ya dafe kai. Da aka zo kan ƙaninki, nas ta duba, ta sake dubawa, ta ɗaga murya: "Sha biyu kan takwas!" Nan take 'yan sal ɗinsu suka fara ihu, "Malam Zoɓo! Malam Zoɓo!"

Bai fi kowa girma ba, Yaya, amma jikinsa ba kumburi, kowace tsoka ta fito kamar an zana. Wasu na haki suna gumi, shi yana murmushi. Da aka kira na ɗaya aka ce Kamilu na Adjamé, ban san lokacin da mayafin ya faɗi ba. Na rangaɗa guɗa a gaban jama'a, Firdausi na kan wuyan maƙwabcinmu tana tafi.

Da ya sauko, wurin Harouna ya fara zuwa. Ya ɗago shi ya ce, "Gobe zan raka ka wurin likita, daga can mu ci abinci a gidana." Yanzu ƙattai shida nake dafa wa wake da zogale kowace rana, na ɗauki mai taya ni. Mai sal ya ce in buɗe rumfa a ƙofarsa.

Har yanzu yana shan maganinsa, ina tsaye a kai. Ki yafe masa, don Allah.

Ki gaida kowa. Ƙanwarki,
Hasana

Fagge, Satumba 1998

Kamilu da Hasana,

Amin wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara lafiya, ya yi muku albarka.

Na yafe. Na karanta wa matan layinmu takardar har sun gaji da ni, Alhaji kuma ya kai labarin masallaci.

Jiya na je asibiti aka auna ni, karo na farko a rayuwata. Sha shida kan goma, a lissafinku na can. Kamilu, kada in ji ka yi dariya. Hasana, ki rubuto mini yadda kike miyar nan dalla-dalla, ki ba Nomau kafin motarsa ta taso.

Ku shafa mini kan Firdausi. Yayarku,
Balaraba