Karatu Baki a Rufe

Boɗinga, watan Yuli, 1951

Takarda ta fito daga hannun ɗanki Arzika, malamin Elementare ta Boɗinga, zuwa ga Gwaggona Hajjo a Shagari. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da fatan kina lafiya, da fatan damina tana yin albarka.

Bayan haka, albishirinki! Jikanki Maniru, wannan da kike kira maigidanki, ya ci jarrabawa. An ɗauke shi Makarantar Midil ta Sakkwato, zai tafi bayan an yanke gero. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina, don na tuna mahaifiyarsa Zulaihatu, Allah ya jiƙanta, da yadda kika rungume shi tun yana cikin tsumma.

Ga littattafai uku na ba Mode mai jakuna ya kawo masa, biyu na Hausa, ɗaya na Turanci mai sauƙi. Ba aikin makaranta ba ne, babu kuma wanda zai tambaye shi. In ya dawo daga gona ya ga dama, ya karanta; in bai ga dama ba, ya ajiye. So nake idonsa ya saba kafin ya shiga cikin yaran birni. A dai kiyaye su daga gara da yoyon ɗaki.

Ga ɗan goro a sa a baki. Allah ya ƙara girma. Wasalam.

Shagari

Daga Hajjo zuwa ga ɗana Arzika. Ɗanmalam tela ke rubuta min wagga takarda a rumfarshi, kuma na ce mai ya sa magana yadda taf fito bakina, kada ya yi mata kwalliya. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Asabe da yara. Goro ya iso, Allah shi yi ma albarka. Gaisuwa ta ƙare, saura faɗa.

Arzika, mi ka aiko min cikin gida? Tun da nike ban taɓa jin karatun ganin dama ba. Karatu da bulala anka san shi. To wanga naka ba malami, ba bulala, amma yaro ya ƙi sakin shi. In yad dawo gona ko ƙafa bai wankewa, sai gindin tsamiya. Ya buɗe littafi, ya zuba mai ido, shi ke nan an ɗauke shi. Baki a rufe, Arzika! Leɓe ko motsi babu. Ni gidan malamai nit tashi, mai karatu ana jin shi daga bayan danga, shina rerawa shina rangaji. Ko 'yan bokonku na Elementare, in sunka fara ihunsu har awaki na firgita. Wanga ko shiru, kamar an aiko mai da mutuwa.

Shekaranjiya na leƙa, sai nig ga shina dariya shi kaɗai. Jiya kuma hawaye shaɓe-shaɓe. Na kira shi har muryata ta dushe, fura ta tsinke a gabanshi. Da nit taɓa kafaɗarshi sai yaz zabura, yad dube ni kamar bai taɓa gani na ba. Innalillahi! Mai dariya da kuka ba da kowa ba, a gindin tsamiya, da la'asar sakaliya, kai ma ka san ko su wa ke hira da shi.

Na yi mai hayaƙi, na karɓo rubutu wurin Liman ya sha. Littattafan naka na zuba cikin tukunya, na kife da akushi, na ɗora dutsen niƙa. Kuma ka ji da kyau: in guda uku sun yi mai haka, ina ga Sakkwato da anka ce ɗaki guda cike da su? Ba ya zuwa. Za ni gaban Uban ƙasa in ce a cire sunanshi. Shi kaɗai gare ni.

Ka huta lafiya, in ka iya.

Shagari

Zuwa ga Kawu Malam, daga ɗanka Maniru. Gaisuwa da ladabi, da godiya a kan littattafai.

Kawu, don Allah ka taimake ni. Lafiyata ƙalau, wallahi ba iskar da ta taɓa ni. Na gama na Hausa biyun, na shiga na Turancin, labarin wani yaro makiyayi ne da karensa a ƙasar da ƙanƙara ke rufe hanya. Abin da ya ba ni dariya yana ciki, abin da ya sa ni kuka ma yana ciki. Na gaya wa Kaka, ta ce ai dama haka masu iska ke cewa.

Ni ban san lokacin da na daina buɗe baki ba. Labarin ne ya yi gudu, bakina ya kasa bin sa, sai na bar shi a baya.

Yanzu kullum ina shan hayaƙi har idona ya yi ja, yara na kira na ƙyafaffen kifi. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, ta wanke zanenta na fita, ta ce na zuwa gidan Uban ƙasa ne. Kawu, ina son Midil kamar raina. Amma ba zan tafi tana fushi da ni ba, ko da za a ɗaure ni a kan jakin Mode.

Kuma an rufe tukunyar daidai inda karen ya faɗa rami. Ban san ko ya fito ba.

Ɗanka mai biyayya.

Boɗinga

Zuwa ga Gwaggo Hajjo, gaisuwa irin ta ɗa da uwa. Na karanta faɗanki, na kuma karɓa hannu biyu. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, ni ban isa in koya miki kula da yaro ba.

Sai dai, Gwaggo, ki yi mini rai ki saurara. Irin wannan karatu ni ma haka nake yin sa, Asabe shaida ce, ta sha jifa ta da mafici in tuwo ya huce. Ba ciwo ba ne. Ido ne ke ɗauka ya miƙa wa zuciya, ba ya biyawa ta baki. Ai ko salla, ta Azahar da La'asar a asirce ake karatunsu, ba wanda ya ce Liman ya haukace.

Roƙona ɗaya ne. Kafin ki je gidan Uban ƙasa, ki ɗaga dutsen nan, ki zaunar da maigidan naki a gabanki, ya karanta da ƙarfi, yana mayar miki da Hausa. In kin ji abin da bai kamata ba, ki cusa littafin a murhu, ni zan amsa laifinsa a makaranta. In kuma kin hana shi tafiya bayan haka, ba zan ɗaga miki murya ba, amma zan yi baƙin ciki ƙwarai, don yaron nan yana da kai.

Allah ya bar mana ke. Ɗanki Arzika.

Shagari

Daga Hajjo zuwa ga Arzika, bayan gaisuwa. Da farko, kada ka ƙara kawo min misali da salla. Ko a Azahar harshe na motsi, je ka tambayi Liman.

Na ɗaga dutsen. Ya karanta, ya fassara, ina kaɗi ina saurare. Tabɗi! Ashe duk kukan nan a kan kare anka yi shi. Kare, Arzika! Jikan malamai! Nic ce mai in kare ne ga su nan bayan mahauta, je ka yi musu zaman makoki. Amma dai karen ya yi halin kirki, ban ƙi gaskiya ba. Da yam mutu bayan ya fid da yaron daga ƙanƙara, Kaltume maƙwabciyata, da taz zo aron rariya tak kasa tafiya, sai da taf fashe da kuka. Ni ko hayaƙin murhu ne yas shiga min ido. Ɗanmalam na murmushi, ya rubuta abin da nic ce.

To na yarda, ba iska ba ce. Amma kada ka yi murna tukuna. Iska da sauƙi, ana yi mata hayaƙi ta fita. Wanga ba shi da magani. Da munka gama, washegari yak koma ya ɗauki littafin tun daga farko, baki a rufe. Ina zaune kusa da shi, in na miƙa hannu ina taɓa shi, amma ya tafi ƙasar da ban san hanyarta ba. Tun bai hau mota ba ya fara bari na.

Tsoro nike ji, Arzika. Tun ranar da anka kai Zulaihatu makwancinta, muryar yaron nan ita ce ta gidan. Ina tsoron in wayi gari ba mai ce min Kaka, sai ni da kaji. Ban je gidan Uban ƙasa ba, ban kuma ce na yarda ba. Kada ka aiko min da wa'azi, ka bar ni da Ubangijina.

A gaida Asabe, ka ce ta ci gaba da jifar ka.

Shagari, bayan yankan gero

Daga Hajjo zuwa ga Arzika, gaisuwa da sa albarka. Wagga takarda maigidan nawa da kanshi ke rubuta ta.

Ka zo ranar kasuwa ka tafi da shi. Na sa an ɗinka mai riga biyu, na yi mai dakuwa da ƙuli-ƙuli.

Ka ce idonshi ya saba kafin tafiya. To ni ma na yi nawa karatun. Kullum da la'asar sai in miƙa mai littafin da hannuna, in ce yi naka na shiru. In zauna nan gefe da abawata, ba ni kiran shi, ba ni tambayar shi komi. Da farko ko rabin mazari ban cikawa sai in yi magana. Yanzu ina kaiwa har kiran Magariba. Na iya, Arzika. Ba daɗi, amma na iya.

Kai kuma Maniru, rubuta mana, mi kake kallona? Ka ce Allah shi tsare hanya, shi ba da abin da anka je nema. Wasalam.