Inda Ake Tsayawa a Ɗauki Gada

Litinin, 3 ga Maris
Inda na nemi aiki sun kira, sun ɗauke ni. Ƙarshen wata mai zuwa zan bar garin nan. Da na faɗa wa Yaya sai ya ce, "To Baba fa?" Sai ka ce ni kaɗai ya haifa. Na rataya kyamara na fice.

Laraba, 5 ga Maris
Zama ya gagare ni. Tun safe nake yawo: hasumiyar agogo, tsohon silima, tashar jirgin ƙasa. Duk baƙi da fari nake ɗauka, kala tana yi wa garin nan kwalliyar da bai cancanta ba. Wai ban kwana nake yi. Na nuna wa wani mai faci hoton rumfarsa, ya ce, "'Yar nan, kyamarar taki ba ta da lafiya ne?"

Asabar, 8 ga Maris
Ƙafa ta kumbura. Hotunan kuwa ko ɗaya bai yi ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Ina ba Baba magani, hotunan da na wanke suna zube a kan gadonsa. Shi da ya ƙare rayuwarsa a sana'ar hoto, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye ko kallon kyamara ba ya yi, magana kuwa sai da ƙyar. Ya tsura wa na tsohuwar gada ido.
"Ba nan ba."
Na ce me, Baba?
"Ba nan ake tsayawa ba. Bayan tankin ruwa. Da sassafe."
Rabon da ya yi doguwar magana haka tun kwanciyarsa, kuma wai gyara ce. Haushi ya kama ni. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Alhamis, 13 ga Maris
Na tura Baba a keken guragu har can. Yaya yana ta faɗa, wai zan ƙarasa tsoho. Bayan tankin duk bola, sai toshe hanci. Amma da rana ta ɗago, haske ya ratso ƙarafunan gadar, inuwa ta kwanta layi-layi a kan masu wucewa. Na ɗaga zan danna, Baba ya riƙe min zane da hannunsa mai lafiya. Muka jira har na ƙosa. Can sai ga wata mata da keken ɗinki a ka, ta shigo tsakiyar hasken.
"Yanzu."
Na danna. Hoton ya yi. Ban san ko nawa ne ko nasa ba.

Talata, 18 ga Maris
Masu aikin sun turo saƙo in tabbatar musu da ranar zuwa. Baba ya ce hasumiyar agogo ba ta kyau sai da damina, in titi ya jiƙe. Damina kuwa da saura. Na dai kai kekensa an sake masa taya. Saƙon zan amsa gobe, ko jibi.