Faifan Kawu Isufu

Talata, 9 ga Rajab, bayan isha'i

Kawu Isufu ya zo shagona daga Maraɗi da faifan CD irin wanda ake gogewa a sake zubawa, in zuba masa takardun motarsa kafin 'yan duwan, wato kwastan, su tashi daga aiki. Sau huɗu kwamfuta na kaiwa rabi ta tofo shi. Na rage gudun zubawar, na kashe na kunna, a banza. Da na juya faifan, sai ga Bisimilla da tawadar allo, daidai fuskar da ke ƙyalli.

Na ce, "Kawu, ai nan inji ke karantawa."

Ya ce, "Don tsari na sa, ɗana. Hoton marigayiya Inna na ciki, shi kaɗai gare mu."

Wa zai sa tsumma ya goge sunan Allah, ga shago cike da mutane? Muka wanke a kwano, ya shanye ruwan, na shanya faifan. Takardu suka hau.

Amma kafin in cire, sau uku na danna hoton Inna, kakata. Bai buɗe ba. Kawu ya tambaya, na ce lafiya lau. Ya tafi yana sa mini albarka.

Ran Lahadi zai dawo in buga masa hoton.