Loma Ɗaya Daga Hannun Manaja Pyo

Baban Miran, maigidana, fitilar bakin gaɓa ranar da hazo ya rufe teku, igiyar da ta ɗaure kwale-kwalena, ruwan rijiya mai sanyi a tsakiyar girbin sha'ir! Ni ce. Ni ce Jomsun, matarka. Kana ji na? An ce in dai jar fitilar rakodar nan tana ci, to magana tana shiga kaset. Tana ci. Sau uku ke nan ina farawa ina gogewa. Wannan karon ba zan goge ba.

Yaya zafin Saudiyya? Yaya aikin titi? Kana cin abinci kuwa? Ƙafar nan da ka ce takalmi ya ci, ta warke? Mu nan lafiya lau. Miran ta fito da haƙora biyu a ƙasa, duk abin da ta samu sai ta kai baki. Ganyen teku ya yi kyau bana, mun shanya har fili ya yi mana kaɗan. To, na faɗi mai daɗin. Saura wanda ya sa yau kwana huɗu ban iya cin shinkafa ba.

Na yi abin kunya, rabin raina. Tsaya! Ba irin wanda zuciyarka ta zabura ta tafi wajensa ba, na rantse da ran 'yarmu, ba shi ba ne. Amma akwai hoto, yana kan hanya zuwa wajenku, shi kuwa hoto ba shi da bakin da zai yi bayani. Gara ka ji a bakina.

Ka san kamfaninku ya aiko a kai matan ma'aikata yawon buɗe ido Seoul, babban birni, kwana biyu. Ni fa na ce ba za ni ba. Me zan je yi, ni da ban taɓa wuce kasuwar bakin tasha ba? Inna, mahaifiyarka, ita ta ce sai na je, kada a ce iyalinka sun raina alherin kamfani. Ta ciro siket ɗinta na biki daga akwati ta ba ni. Na goya Miran, muka hau jirgin ruwa, muka hau bas, mu wajen arba'in. Kusa da ni aka zaunar da Maman Gilsu, wadda mijinta ke tuƙa babbar mota a sansaninku. Ka san bakinta, ba sai na faɗa maka ba.

Wayyo Seoul! Ai wannan ba ƙasarmu ba ce, wata ƙasa ce daban. Harshenmu suke yi, amma kamar sun wanke shi da sabulu. Da na buɗe baki sai su yi murmushi su ce in maimaita, sai na daina buɗewa. An kai mu fadar sarakunan da, rufinta kamar tsuntsu ya buɗe fikafikai zai tashi. Ga tsakar gida iya ganinka, an shimfiɗe ta da dutse, rana tana duka, amma ba wanda ya shanya ko ganye ɗaya! An sa mu a wani akwatin ƙarfe da ke rataye a igiya ya hau da mu dutse, na runtse ido na ƙanƙame goyona har muka kai. A can sama gidaje suka zama kamar ƙananan ƙaguwa a tabo in ruwa ya janye. Na tambayi yarinyar da ke yi mana jagora, ina ne wajen Saudiyya? Ta nuna min da yatsa. Na duba, na duba, ba komai sai hayaƙi. Amma na daɗe a tsaye ina fuskantar wajen, ya tauraron asubata, ina cewa a raina can yake, can yake, a ƙarƙashin sama ɗaya da ni.

A rana ta biyu aka kai mu gidan gasa nama.

Ka san ni da naman saniya. Ban san shi ba sai romonsa, ranar tunawa da kakanni, inda kake neman yanka ɗaya a cikin kwano kamar mai kamun kifi a teku. To nan, muka zauna a ƙasa, kowane tebur da rami a tsakiya cike da garwashi, aka ɗora raga, aka kawo haƙarƙarin saniya tire-tire, an jiƙa shi da man riɗi da tafarnuwa. Wata mata ta zo da almakashi tana yanka shi kamar mai yanka yadi. Ƙanshin nan! Yawuna ya tsinke har na ji kunyar kaina.

Sai Miran ta tsorata da hayaƙin ta fasa kuka. Na kwance ta na rungume. Da ta yi shiru kuma sai ta hango jan garwashin, ta dinga miƙa hannu tana zillo za ta kama. Hannuna ɗaya yana riƙe da cikinta, ɗaya yana tare 'yan yatsunta. Kowa yana ci, rabona yana can gefen raga yana ƙonewa. Na ce a raina ba komai, ƙanshin ma ya ishe ni, dama wa ya aike ni.

Akwai wani babba a kamfaninku, Manaja Pyo, shi ke kula da iyalan ma'aikata. Dattijo ne, da furfura, zai yi sa'ar babana. Yana bi tebur-tebur yana gaisawa. Da ya zo kanmu ya tsaya ya dube ni ya ce, "A'a, maman yarinya, ke ba ki ci komai ba? Mijinki yana can yana fasa dutse a rana, mu kuma mu bar matarsa da yunwa? Ina, ba a gabana ba!" Ya durƙusa ya ɗauki ganyen latas, ya ɗora nama, ya ɗora tafarnuwa da daddawar wake, ya naɗe, ya kawo har bakina. Ya ce, "Buɗe, buɗe. Aa!"

Baban Miran, ka faɗa min, me zan yi? Babba ya miƙo maka abu, ana cewa a'a? Babban da aikinka ke hannunsa? Da hannu biyu ya kamata in karɓa, to ina hannun? In na saki 'yarka wuta za ta faɗa. Kuma ka sani, naɗin ganye ba a gutsurarsa, tun ina yarinya ake ce mana wanda ya raba shi biyu ya zubar da arzikin da ke ciki. Loma ɗaya ake yi. Duk teburin suka zubo min ido. Sai na buɗe bakina, na buɗe shi duka. Yatsansa ya taɓa leɓena.

Sai wal! Mai hoton da kamfani ya haɗa mu da shi ya ɗauka.

Bari in sha ruwa. Ba kashewa na yi ba, ina nan.

Da a nan ya tsaya, da na ce tsautsayi ne. Amma akwai sauran, kuma shi ne ke ci na. Ya yi daɗi. Wayyo ni, ya yi daɗi! Ban taɓa sanin akwai abu irin wannan a duniya ba, zaƙi da gishiri da hayaƙi, yana narkewa kamar ƙanƙara a rana. Idona ya lumshe da kansa. Na ji fuskata tana murmushi ban sa ta ba. Kuma iya tsawon taunar nan, na manta da kai. Na faɗa. Wata goma sha huɗu ban taɓa kai loma baki ba sai na ce ko shi me yake ci, ko da yashi a cikin shinkafarsa. Kullum da asuba ina ɗebo ruwan farko na rijiya in ajiye a kan tulu in roƙa maka tsari. Amma ranar nan, don ɗan yankan nama, na manta da kai, kuma daidai lokacin aka ɗauki fuskata. Wace irin mace ce ni? Teku tana manta watan da ke jan ruwanta? Ganyen teku yana manta dutsen da ya kama?

A bas, muna dawowa, yarinyar jagora ta ɗauki lasifika ta ce albishirinku, duk hotunan za a wanke a aika sansani, a manna a bangon ɗakin cin abinci, don mazajenku su ga iyalansu suna cikin jin daɗi. Kowa ya tafa. Ni kuwa ban tafa ba.

Maman Gilsu ta zungure ni da gwiwar hannu, da ƙarfi yadda har na baya za su ji, ta ce, "Maman Miran, ashe bakin nan naki da ba ya magana haka yake da faɗi? Kamar ɗan tsuntsu a sheƙa!" Aka kwashe da dariya. Ta ce, "Har da lumshe ido, 'yar nan! Mu da muka ci da hannunmu ai ba mu ji daɗin da kika ji ba. Bari Baban Miran ya gani, a ƙafa zai tako teku ya dawo." Wata tsohuwa a gaba ta ce, "Ke Maman Gilsu, ki ƙyale yarinya, hassada kike don ke ba a ba ki ba." Aka ƙara fashewa. Su wasa suke. Ni na tura fuskata a wuyan Miran ban ɗago ba.

Da aka tsaya shan ruwa a hanya na bi mai hoton har bayan mota. Ni da ba na iya duban baƙon namiji, na sunkuya masa har sau uku, na ce don girman iyayenka ka cire nawa. Ya yi dariya ya ce, "Haba baiwar Allah, ai naki zai fi na kowa kyau! Manaja da kansa ya ce a yi shi babba, a sa a tsakiya."

Babba. A tsakiya.

Ka tuna, ya furen hunturuna mai ja a cikin dusar ƙanƙara, ka tuna saura kwana biyu ka tafi? Muka je bayan duwatsu ɗebo ganye, mu biyu kawai, ina da tsohon ciki. Ka kama kifi ka gasa a kan dutse, ka cire ƙayar tas, ka hura ya huce, ka kawo bakina. Me na yi? Na kau da kai. Na ce kai, wani zai gani. Wa zai gani? Tsuntsayen teku? Na karɓa da hannuna na ci ina kallon ƙasa, kai kuma ka yi 'yar dariya ka goge yatsunka a wando. Mijina na aure, ba kowa a wurin, na ƙi hannunsa don kunya. Ga shi a gaban mutum arba'in na buɗe wa baƙo baki. In ka dubi hoton nan ka tuna ranar can, me zan ce maka? Ba ni da abin cewa. Kaico na!

Kuma ban manta abin da ka faɗa min a kaset ɗinka na bazara ba, labarin mutumin nan na ɗakinku da aka rubuto masa wai an ga matarsa tana rawa da wani a birni. Ka ce ya daina shiga ɗakin cin abinci, yana zama a bayan tanki shi kaɗai, maza suna rage murya in ya wuce. Ka ce ka gode da ba irin matar da ka aura ke nan ba. Yanzu mutum ɗari uku za su bi layi sau uku a rana ta gaban fuskata, ido a lumshe, da hannun wani a bakina. Wani zai ce, wannan matar wa ce? Wani zai nuna ka da haɓa.

Ina roƙonka, numfashina, ina roƙonka da gwiwa biyu a ƙasa. In hoton ya zo, kada ka tsaya daga nesa. Ka matsa kusa, ka bar fuskar, ka duba ƙasa. Za ka ga kan Miran, ga gashinta a tsaye irin naka. Ka dubi hannayena ka ga abin da suke riƙe da shi. Kada ka daki kowa a kaina. Kada ka yage shi, kada ka faɗi wata magana a kan Manaja, dattijon nan alheri ya yi niyya, kuma ba na so a sallamo ka saboda bakina. In fushi ne, ni za ka yi wa. Ka cika kaset gaba da baya da faɗa, zan zauna in saurara har ƙarshe in sake juyawa. Shirunka ne kawai ba zan iya ɗauka ba. In jirgin wasiƙa ya zo ya koma ba muryarka a ciki, ni da kifin da ruwa ya janye ya bari a kan yashi ɗaya muke.

Ban san wanda zai riga isa ba, hoton ko muryata. Su jirgin sama ne da su, ni sai mai kai wasiƙa da kekensa. In shi ya riga ni, to ka riga ka yanke min hukunci, kuma ga ni na zo a makare ina bayani.

Ni taka ce. Taka ce kamar yadda gishiri yake na teku, ba mai raba su sai wuta, kuma ko wutar ta raba su gishirin bai manta inda ya fito ba. Ko shekara goma za ka yi, a bakin gaɓar nan za ka same ni, da 'yarka a bayana.

Ga ƙarar ƙofa nan, Inna ta dawo daga gona. Ba ta sani ba tukuna, kuma gobe Maman Gilsu za ta je rijiya ta baza labarin. Gara ta ji a bakina. Zan juya kaset ɗin, in kai rakodar tsakar gida, in durƙusa in faɗa mata duka da bakina, har da lumshe idon. Ba zan kashe ba. Duk abin da ta ce min, za ka ji a ɗaya gefen.

Matarka har ƙasa ta rufe min ido,
Jomsun, Maman Miran.