Ba Ni Na Shafa Wa Motar Ƙungiya Man Birki Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyarmu ta taimakon juna ta manoman doya, a nan Lafia.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar ƙarami ga babba, tare da fatan kai da iyali da sauran 'yan kwamiti kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma damina ta yi wa kowa albarka.

Ni ne Sule, direban da ya yi wa wannan ƙungiya tuƙi shekara goma sha bakwai, wanda aka sallama wata biyu da suka wuce bisa zargin ya lalata fentin sabuwar mota. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau uku ina zuwa ofis, sakatare na cewa ka fita, alhali takalminka na bakin ƙofa. Na kira waya har na gaji. Ranar Juma'ar da ta wuce muka haɗa ido bayan an idar da salla, ka kau da kai ka shiga gaisawa da wanda ba ka ma sani ba. Tura ta kai bango. Ban rubuta sunanka ba, ban rubuta na ƙungiya ba, don har yanzu ina ganin girmanka, amma zan faɗi abin da ya faru kamar yadda ni da kai muka san shi.

1. Yadda motar ta samu rauni

Kowa ya san yadda aka samu motar nan, fara mai ƙofa huɗu da bayan ɗaukar kaya. Shekara huɗu membobi suna karo-karo, daga mai gona goma har bazawarar da kunyar doyarta ba ta wuce ɗari biyu ba. Ni na je na tuƙo ta daga wurin dillali, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Farinta ba farin banza ba ne, irin mai ƙyalli ne da ke sheƙi idan rana ta doke shi. Kwananta tara kacal a hannuna.

Ranar Asabar ta biyu ka ce in ba ka makulli za ka je ta'aziyya garin Obi, in huta ni. Na ce ranka ya daɗe motar doguwa ce, ba kamar ƙaramar da ka saba ba, bari in kai ka. Ka yi dariya ka ce tun ban san sitiyari ba kake tuƙi. Na miƙa makulli.

Da safiyar Lahadi ka kira ni gidanka. Ina shiga na ga fentin ƙofar motar ta baya, ta hannun dama, ya lalace. Kai da bakinka ka gaya min cewa wajen shigowa ka gogi ginshiƙin get, koren fentinsa ya hau jikin motar, tsawon kamu biyu. Da a nan abin ya tsaya, wallahi da sauƙi. Ƙarfen bai lotsa ba, karcewar ba ta yi zurfi ba, mai folish zai ɗauke ta cikin awa guda. Amma wani maƙwabcinka ya ba ka shawara ka jiƙa tsumma da man birki ka goge koren. Ka goge, koren ya fita, ka ji daɗi, ka ƙara lafta wa wurin don ya yi sheƙi, ka bar shi ya kwana a jiki. Kafin safiya fentin ya yi laushi, ya tattare kamar fatar da ruwan zafi ya ƙona, faɗin faifai guda. Garin neman gira aka rasa ido.

2. Abin da ka roƙe ni

Saura kwana huɗu a yi babban taron da za a nuna wa membobi motar, a kuma sabunta zaɓen shugabanni. Ka kama hannuna biyu a tsakar gidanka ka ce, "Sule, ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka." Ka ce in kai ta a gyara a ɓoye, ba wanda zai sani, in ma an sani kai za ka tsaya min. Mutumin da ya zo sunan 'ya'yana uku, ya tsaya a kan kabarin mahaifiyata, yau ya riƙe hannuna yana roƙo, me zan ce? Na ce to.

3. Gyaran

Na kai ta wurin Oga Sunday mai fenti, wanda muka daɗe muna hulɗa da shi. Ya zagaya ƙofar, ya sa farce ya ɗaga fentin, ya shinshina, ya tambaye ni wane maƙiyin mota ne ya yi wannan. Ya gaya min gaskiya tun kafin ya taɓa komai: irin wannan farin hawa uku ake fesa shi, kuma sai a ɗakin da ake gasa fenti, shi kuwa inuwar mangwaro ce shagonsa. Ya ce dole a kankare wurin har ƙarfe, a wanke, a bari ya sha iska, don man birki in ya shiga ba ya fita da sauri. Ya ce ga damina, iska jiƙe take, fenti ba zai kwanta ba. Shawararsa a mayar da ita wurin dillali, ko da za ta yi mako biyu.

A gabansa na kira ka na faɗa maka duk wannan. Ka ce ba ka da mako biyu, kwana biyu gare ka, a yi yadda za a yi. Oga Sunday ya ce ba da yawunsa ba, amma tunda mai abu ya ce a yi, zai yi. Ya goge da samfefa, ya shafa filar cike wurin, bai gama bushewa ba ya bi da feshi. Ranar Laraba na ɗauko ta. A inuwa, sai wanda ya sani. A rana kuwa, ƙofar nan ta fita daban, farinta ya mutu kamar na alli, sauran jikin na ƙyalli.

4. Ranar taro

A nan zan faɗi laifina, don ban zo wanke kaina tas ba. Ka ce in ajiye motar a filin taro gefen dama na kallon katanga, na ajiye. Na san abin da nake ɓoyewa, na kuma san daga wa nake ɓoye shi: mutanen da suka hana cikinsu suka sayi motar. Wannan na ɗauka, ina kuma neman gafararsu.

Abin da ni da kai muka manta shi ne al'adar ƙungiyar nan. Ba a fara amfani da sabon abu sai Liman ya yi addu'a, Fasto ya yi tasa, kowa ya ɗora hannu a kai. Mutum ya fi ɗari, gefe ɗaya ba zai ishe su ba. Aka ce in matso da ita tsakiyar fili, cikin rana tsaka. Na dube ka, ka sunkuyar da kai. Na matso da ita.

Mama Ladi, ma'ajin ƙungiya, ita ta faɗo daidai ƙofar. Matar da ta shekara talatin tana tantance doya da tafin hannu, ta san mai ciwo tun kafin a yanka. Ana cikin addu'a, ido a rufe, na ga hannunta na shafa wurin, ya je ya dawo. Ana shafa amin ta ce wannan ƙofar ba ta motar nan ba ce, ko an taɓa ta. Fili ya ɗauki hayaniya. Aka aika aka kira Oga Sunday, ya faɗi abin da ya sani: ni na kawo, an zuba mata man birki, an ce a yi cikin gaggawa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma san sauran ba.

Duk ido ya dawo kaina. Ni kuma nawa idon na kanka, ina jiran ka tsaya min kamar yadda ka ce. Ka miƙe, ka gyara babbar riga, ka ce abin ya ba ka mamaki, za a kafa kwamiti. Ranka ya daɗe, ka yi min sakiyar da ba ruwa. Har a lokacin ban buɗe baki ba, ina cewa wataƙila dabara ce, kana so ƙura ta lafa. Aka yi zaɓe, ka koma kujerarka. Bayan mako guda aka miƙo min takardar sallama da sa hannunka a ƙasa.

5. Abin da aka ɗauke min

Ba aikin ne ya fi ci min rai ba. Abinci na Allah ne. Abin da ke hana ni sakat shi ne maganar da Mama Ladi ta faɗa a gaban jama'a, cewa direban da ya yi furfura a kan sitiyari bai san man birki na cin fenti ba, to me ya sani? Gaskiyarta, da ni na yi. Ranar farko da aka kai ni koyon mota maigidana ya koya min cewa ko ɗigo ya zuba a jikin mota, a bi shi da ruwa nan take. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san wannan. Da laifin karce kawai na ɗauka, da na haƙura, kowane direba na iya gogar bango. Amma an ɗora min jahilcin da ba nawa ba, a kan sana'ar da ita kaɗai na iya.

A tasha da can Sannu-Sannu ake kirana. Shekara sha bakwai ina bin hanyar Awe da lodi, damina da rani, ko kaza ban taɓa takawa ba. Yanzu in na wuce sai in ji, "Man Birki, ina zuwa?" Wasa suke yi, na sani, amma ka san tasha, suna in ya kama mutum har jikokinsa. Na je neman aiki wurin wani mai motocin haya, mun gama magana har ya ce in zo Litinin, sai wani ya raɗa masa. Ya tambaye ni ko ni ne na motar 'yan doya. Na ce ni ne. Ya ce in je zai neme ni, har yau. Uwargidana Hajara ta daina bi ta layin masu doya a kasuwa, sai ta zagaya ta baya. Ita kaɗai na gaya wa gaskiya, kuma ita ce ta ce min in na mutu da wannan sunan ba za ta yafe min ba.

6. Ginshiƙin

Makon jiya na bi ta ƙofar gidanka, na ga an yi wa get da ginshiƙansa sabon fenti, ruwan ƙasa. Ya yi kyau. Sai dai ginshiƙin da ke hannun dama in ana shiga, daidai ƙugun mutum, akwai inda gefen siminti ya ɓantare, mai fentin bai cike ba. Wanda ya sa makulli ya kankare wurin zai tarar da kore a ƙasa. Haka nan a cikin lungun marfin ƙofar motar, inda samfefa ba ta kai ba, akwai sauran koren nan. Na gani ranar da na ɗauko ta, na bar shi. Ban gaya wa kwamiti ba. Ina so ka riga su.

Buƙatuna

Na farko, a taron wata mai zuwa ka miƙe a filin da aka tozarta ni, a gaban Liman da Fasto da Mama Ladi, ka ce kai ka tuƙa motar ranar Asabar ɗin nan, kai ka shafa man. Jimla biyu ce, ba za ta kashe ka ba. Mutanen nan sun yafe abin da ya fi wannan.

Na biyu, a janye takardar sallamar, a ba ni wata da ke cewa na bar aiki ba tare da laifi ba. Ban ce a mayar da ni ba. Ba na jin zan iya sake buɗe maka ƙofar mota.

Na uku, don Allah a ceci motar. Na gan ta shekaranjiya, fentin ƙofar ya fara kumbura ƙuraje-ƙuraje, alamar man na nan a ƙasa. A mayar da ita wurin dillali a gaya musu gaskiyar abin da aka shafa, a kankare har ƙarfe. Kafin nan kada a yi mata lodin gishirin Awe, in ruwansa ya sami wurin, tsatsa za ta huda ƙofar kafin kaka. Motar ba taka ba ce, ba tawa ba ce, ta masu kunya ɗari biyu ce.

Idan ranar taro ta zo ka yi shiru, ni zan zo da makulli a aljihu, in roƙi Mama Ladi ta raka ni ƙofar gidanka. Ba na so a kai nan. Ka roƙe ni in rufa maka asiri, na rufa wata biyu da nawa mutuncin, yanzu ba abin da ya rage min da zan rufa da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon faɗin gaskiya tun tana da sauƙi, ya kare ƙungiyarmu daga rabuwar kai, ya sa mu gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Naka,
Sule Sannu-Sannu, Bukan Sidi, Lafia.
Wannan ne sunana, shi nake so a mayar min.